Tarihin Ibnul Haisam, ma'abucin Kitabul Manazir, da alaƙarsa da awon doron ido

Tambaya: Muna jin ana cewa na'urorin da likitoci suke auna doron ido da su a yau, asalinsu yana komawa ga wani malamin Musulmi da ake kira Ibnul Haisam. Wane ne shi, yaya ya rayu, kuma mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, Allah Ya yi maka albarka, cewa maganar da ka ji akwai gaskiya a cikinta, sai dai tana buƙatar a tsefe ta. Ibnul Haisam bai ƙera na'urar awon ido ba. Masu tarihinsa sun ambata cewa ya san asalan ilimin likitanci, amma bai zauna yana duba marasa lafiya ba. Abin da ya yi shi ne, ya ɗauki ido a matsayin halitta mai siffa da ma'auni, wadda haske ke ratsa ta bisa ƙa'idar da za a iya lissafawa a kuma jarraba. A kan wannan tubali waɗanda suka zo bayansa suka yi gini, har aka kai ga na'urorin da kake tambaya a kansu.

Sunansa Abu Aliyu, Hasan ɗan Hasan ɗan Haisam. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira (965 Miladiyya), lokacin da halifan Abbasiyawa a Bagadaza yake da suna kawai, iko kuwa yana hannun sarakunan Banu Buwaihi. A wannan zamani an riga an gama juya manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci, saboda haka ɗalibi mai himma a Basra yana iya samun littafin Iƙlidis na handasa, wato ilimin siffofi da ma'aunansu, da Almajisɗi na Baɗlimus a kan taurari, da littattafan Jalinus na likitanci. A nan ya yi karatu, a nan kuma ya yi suna a lissafi da handasa.

Mafi yawan abin da ake ruwaitowa na rayuwarsa ya zo ne ta hanyar mutum uku: Baihaƙi mai tarihin masu hikima (ba Baihaƙi mai hadisi ba), da Ibnul Ƙifɗi wanda ya rasu a 646 H, da Ibnu Abi Usaibi'a wanda ya rasu a 668 H. Dukkansu sun zo bayansa da fiye da shekara ɗari, kuma ruwayoyinsu sun saɓa wa juna a wurare. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta labarin da ke tafe.

Ibnul Ƙifɗi ya ba da labarin cewa magana ta isa kunnen sarkin Masar, Alhakimu bi Amrillahi, cewa akwai wani masani a Iraƙi da yake faɗin da yana Masar da ya yi wa Kogin Nilu aikin da za a amfana da shi a shekarar cika da shekarar ƙaranci baki ɗaya. Rayuwar Masar duka a kan ambaliyar wannan kogi take: in ta gaza a yi yunwa, in ta wuce kima a yi ɓarna. Alhakimu shi ne na shida a sarakunan Faɗimiyyawa, waɗanda malaman tarihi da yawa ke kira Ubaidiyyawa, 'yan Isma'iliyya ne, ya kuma yi mulki daga 386 zuwa 411 H. Mutum ne mai fuska biyu. Ya gina Darul Ilmi a Alƙahira a 395 H, ya tara littattafai a cikinta, a zamaninsa ne Ibnu Yunus masanin taurari ya yi aikinsa, haka ma Ammar ɗan Mausil, likitan idon da ya yi bayanin zuƙe yanar ido da allura mai rami. Amma kuma ya kashe waziransa da manyan ma'aikatansa da yawa, yana kafa doka yau gobe ya warware, har miyar lalo, wadda Misirawa ke kira mulukiyya, sai da ya haramta.

Sarkin ya aika masa da dukiya ya gayyace shi, ya kuma fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye kusa da Alƙahira da ake kira Handaƙ. Bayan ya huta, aka haɗa shi da magina da ma'aikata suka bi kogin suka nufi kudu. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen da, da ƙwarewar da ke cikinsu, sai jikinsa ya fara sanyi, domin ya fahimci waɗanda suka iya ɗaga irin waɗannan duwatsu, da abin da yake nufi mai yiwuwa ne da ba su bar masa shi ba. Da ya isa wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwan ke gangarowa ta cikin duwatsu, ya duba ta wannan gaɓa da waccan, ya tabbatar aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Ya koma ya faɗa wa sarkin gaskiya. Yi tunani a kan wannan tsayuwa: yana da ma'aikata da kuɗin sarki a hannu, yana iya fara tona da gini ya ja shekaru, amma ya zaɓi ya je gaban mutumin da ke kashe waziri a kan ƙaramin abu ya ce ba zai iya ba. A wannan yanki ne aka gina madatsar farko a 1902, aka kuma kammala babbar madatsar Aswan a 1970. Wurin da ya hango daidai ne, zamanin ne bai yi ba.

Alhakimu ya nuna kamar ya karɓi uzurinsa, ya ba shi aiki a ɗaya daga ma'aikatun gwamnati. Ya karɓa don tsoro. Da ya ga yadda kawunan ma'aikata ke faɗuwa, sai ya nuna kamar hankalinsa ya gushe. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida, aka sa mai yi masa hidima. Haka ya zauna har zuwa Shawwal na 411 H (1021 M), lokacin da Alhakimu ya fita da dare a kan jakinsa zuwa dutsen Muƙaɗɗam, ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan Ibnul Haisam ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa. Idan ruwayar ta inganta, babu abin zargi a kansa, domin wanda ya ji tsoron halaka a hannun azzalumi an yalwata masa ya nemi kuɓuta da dabarar da ba ta cutar da kowa.

Baihaƙi ya kawo labarin ta wata fuska: sarkin ya duba tsarin aikin a ƙofar masaukinsa, ya ce kuɗinsa ya fi amfaninsa, shi kuwa ya gudu Sham cikin dare. Ibnu Abi Usaibi'a kuma ya kawo wata ruwaya mai cewa a Basra ne ya yi haukan ƙarya, don a sauke shi daga muƙami ya samu sukunin karatu. Abin da ya fi rinjaye shi ne ƙarshen rayuwarsa a Alƙahira ya yi ta.

Ya zauna a wata ƙubba kusa da ƙofar masallacin Azhar, cikin sauƙin rayuwa. Sana'arsa kwafar littattafai. An ruwaito cewa a kowace shekara yakan rubuta littafin Iƙlidis da Almajisɗi da ƙananan littattafan da ake karantawa tsakaninsu, da hannunsa, sai mai saye ya zo ya biya dinari 150 na Masar ba tare da ciniki ba, wannan ne abincinsa na shekara. Wanda ya taɓa rubuta Alƙur'ani da tawada da alƙalamin kara ya san abin da irin wannan aiki yake yi wa mutum: littafin da ka kwafa sau da yawa, ka san inda ƙafarsa take da ƙarfi da inda take ɗingishi. Kuma lallai wannan ya bayyana a rubuce-rubucensa. Daga cikin ɗalibansa akwai Mubasshir ɗan Fatik, ɗaya daga manyan Masar.

Yanzu mu zo ga littafin da ya ɗaukaka sunansa, Kitabul Manazir, mai maƙala bakwai: ukun farko a kan gani da yadda yake faruwa da kurakuransa, uku a kan komowar haske daga madubi, ta bakwai a kan karyewar haske idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, kamar yadda kake ganin ludayi a cikin ruwa kamar ya karye.

Kafin shi masana sun kasu. Masu lissafi, irin su Iƙlidis da Baɗlimus, da Alkindi a cikin Musulmi, sun tafi a kan cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abu, kamar yadda makaho ke taɓa hanya da sanda. Suna da lissafi mai kyau a kan asali marar ƙarfi. Arisɗo da mabiyansa sun ce surar abu ce take zuwa ga ido, amma ba su iya bayyana yadda dutse guda zai shiga ɗan ƙaramin ramin ido ba. Likitoci kuma suna da tasu maganar daga Jalinus. Ibnul Haisam ya ajiye duka ya faro daga abin da kowa zai iya gwadawa. Wanda ya kalli rana idonsa yana ciwo. Wanda ya daɗe yana kallon farin abu a cikin rana, in ya juya ga duhu yakan ci gaba da ganin alamarsa. Wannan yana nuna wani abu ne yake shigowa ido daga waje ya yi masa tasiri. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu wanda ke da ƙaramar kafa, ya ga hasken kowace fitila ya faɗa a nasa wurin a bangon da ke fuskantar kafar. In aka rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa, in aka buɗe ya dawo. Da haka ya tabbatar haske yana tafiya a miƙe, kuma haske da yawa suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Irin wannan jarrabawa yana kiranta i'itibari, kuma yakan bayyana kayan aikin da faɗinsu da tsawonsu dalla-dalla, don mai shakka ya ƙera nasa ya gwada.

Sai dai wata matsala ta taso masa, kuma a nan ne batun doron ido ya shigo. Idan kowane ɗigo na jikin abu yana watsa haske ta kowace fuska, to kowane wuri a gaban ido yana karɓar haske daga dukkan abin da ke gabansa a lokaci ɗaya. Me ya sa ba ma ganin duniya a dame kamar kunu?

Don ka fahimci amsarsa, sai ka san sassan ido kamar yadda ya ɗauko su daga littattafan likitoci. Sunayen sun zaunu a Larabci tun zamanin Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 260 H, kuma kowane suna kwatance ne. A gaba akwai ƙarniyya, fatar nan garai-garai mai ɗan tudu da ta rufe baƙin ido. An ciro sunanta daga ƙarnu, wato ƙaho, domin ƙaho in aka fere shi ya yi siriri haske yana ratsa shi. Sunanta a harshen Yunananci da Latin ma daga kalmar ƙaho yake. Bayanta akwai ruwa mai kama da farin ƙwai, baidiyya. Sai inabiyya, mai launi, da rami a tsakiya kamar 'yar inabin da aka cire wa tsinke. Sai jalidiyya, mai kama da ƙanƙara, ita ce wadda in ta yi hazo muke cewa mutum ya yi yanar ido. Sai zujajiyya mai kama da narkakken gilashi, sai shabakiyya a can baya, mai kama da koma.

Ibnul Haisam ya lura cewa haske in ya faɗa a kan gilashi ko ruwa a karkace yakan karye ya yi rauni, amma wanda ya faɗa tsaye cak yana wucewa a miƙe da ƙarfinsa. Sai ya ce fuskar ƙarniyya yanki ce na ƙwallo, gaban jalidiyya ma haka, kuma cibiyarsu ɗaya ce, ita ce tsakiyar ido. In haka ne, daga kowane ɗigo na abin da kake kallo, layi ɗaya tak ne zai faɗa wa doron ido a tsaye, shi ne wanda ya nufi cibiyar. Waɗannan layuka suna tattaruwa kamar karan jinka da ke haɗuwa a ƙololuwa, kowane ɗigo a waje yana da ɗigo ɗaya a ciki, dama a jere, hagu a jere, ba cakuɗewa. Ka ga ke nan a wurinsa gani bai tsaya a kan komai ba sai a kan siffar doron ƙarniyya da inda cibiyarsa take. Likitocin da suka gabace shi sun ɗauke ta a matsayin garkuwa da taga. Shi ya mai da ita mas'alar handasa.

Amanar ilimi ta wajabta a gaya maka cewa a nan ya dace a wani ɓangare, ya kuskure a wani. Ya dace da ya ce haske ne ke shiga, ɗigo da ɗigo, kuma cikar gani a ƙwaƙwalwa take, inda ake haɗa abin da ido biyu suka kawo, a kuma gane nisa da girma ta hanyar sabo da kwatantawa. Amma ya bi likitoci a kan cewa jalidiyya ce take fara jin haske, alhali shabakiyya ce. Kuma hasken da ya faɗo a karkace, wanda ya ba shi matsayi na biyu, shi ne ainihin abin da ido ke aiki da shi: ƙarniyya tana karya shi ta tattara shi, jalidiyya ta ƙarasa, hoton ya faɗa a kan shabakiyya a kife. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan tattarawa ƙarniyya ce take yin sa. Shi kansa a maƙala ta bakwai ya dawo ya tabbatar, ta hanyar gwaji da ɗan siririn abu da ake riƙewa dab da ido, cewa hasken da ya karye ma ana gani da shi. Ya iso bakin ƙofar, wani ne ya buɗe: Bajamushe Kepler, a littafinsa na 1604, wanda ya rubuta shi a matsayin cikon littafin Witelo, shi kuwa Witelo daga Manazir ya kwaso mafi yawan abin da ya rubuta.

Amma igiyar da ta fi ɗaure shi da awon ido na yau tana cikin maƙalolin madubi. Kusanci ɗanka ka dubi baƙin idonsa da kyau, za ka ga kanka ɗan ƙanƙane a ciki. Saboda wannan ne Larabawa suke kiran tsakiyar ido insanul aini, ɗan mutumin ido. Wannan hoto yana fitowa ne daga fuskar ƙarniyya da siririn hawayen da ke lulluɓe da ita, domin ita madubi ce mai doro, kamar bayan buta ta ƙarfe ko madubin gefen babur. Madubi mai doro yana ƙanƙanta hoto, kuma gwargwadon tsananin doron, gwargwadon ƙanƙantar hoton. Saboda haka in ka san girman abu, da nisansa daga ido, ka kuma auna girman hotonsa a cikin ido, lissafi zai ba ka doron ƙarniyya ba tare da ka taɓa ta ba. Wannan shi ne sirrin na'urar baki ɗaya.

Ibnul Haisam ya yi bincike a kan madubi iri bakwai: shimfiɗaɗɗe, da mai siffar ƙwallo, da mai siffar bututu, da mai siffar mazurari, ukun ƙarshe kowanne da mai doro da mai kwarmi. Ya ƙera na'urar tagulla don gwada cewa kusurwar da haske ya faɗo da ita daidai take da wadda yake komawa da ita a dukkansu. A maƙala ta biyar ya warware mas'ala mai wuya: in an san inda abu yake da inda ido yake, a wane ɗigo na madubi mai lanƙwasa hasken zai bugu ya komo? Ya share mata fage da muƙaddimomi shida na handasa, kuma har yau Turawa da sunansa suke kiranta, mas'alar Alhazen. Manyan masu lissafinsu irin su Huygens sun sake komawa kanta bayan fiye da shekara ɗari shida. A maƙala ta shida ya bi yadda kowane irin madubi yake ƙanƙanta hoto ko ya miƙar da shi ko ya karkatar da shi.

An juya littafin zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13 na Miladiyya, aka buga shi a birnin Basel a 1572, shekara 32 kafin littafin Kepler. A 1619 wani malamin coci Bajamushe, Scheiner, ya bayyana dabarar awon farko: ya zaunar da mutum yana fuskantar taga, ya riƙa kara ƙwallayen gilashi masu girma daban-daban kusa da idonsa, har ya samu wanda hoton tagar a cikinsa ya yi daidai da hotonta a cikin idon, doron wannan ƙwallo shi ne doron ƙarniyya. A shekarun 1850 Helmholtz ya ƙera na'ura mai raba hoton gida biyu, don motsin ido kada ya ɓata awo. A 1881 Javal na Faransa da Schiøtz na Nowe suka sauƙaƙa ta yadda likita zai yi aiki da ita a ɗakin duba marasa lafiya. Shekara guda kafin haka, a 1880, likita Plácido na birnin Porto a Fotugal ya zo da faifai mai zobba fari da baƙi da rami a tsakiya: likita ya leƙa ta ramin ya ga hoton zobban a idon majinyaci. Daga shekarun 1980 aka haɗa wannan faifai da kyamara da kwamfuta, tana lissafa dubban wurare a fuskar ƙarniyya ta fitar da taswira mai launi. In ka ga na'ura a asibitin ido mai kama da kwano cike da zobban haske, jikar wannan faifai ce.

Abin da awon ya nuna shi ne, ƙarniyyar baligi faɗinta kusan milimita 12 ne, kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita ne, doronta kuma kamar na ƙwallon da daga cibiyarsa zuwa bayansa milimita 7.8 ne a matsakaici. Ba cikakken yankin ƙwallo ba ce kamar yadda Ibnul Haisam ya ƙaddara, tana ɗan bajewa ta gefe-gefe. In zobban suka fito a zagaye, tazararsu daidai, doron lafiya lau. In suka fito kamar ƙwai, to doron ta wata fuska ya fi na ɗaya fuskar, kamar bayan cokali, mai wannan ido yana ganin abubuwa da inuwa-inuwa, kuma tabarau na musamman ke gyara masa. In suka matsu suka karkace a wuri guda, alama ce ƙarniyyar ta yi siriri tana tsirowa kamar mazurari. Wannan ciwo yakan fara ne a shekarun samartaka, yawan murza ido yana tsananta shi, kuma in an gano shi da wuri akwai aikin da ke tsayar da shi. Saboda haka yaron da ake ta canja masa tabarau ganinsa yana ƙara raguwa, a nemi a auna masa doron ido, kada a ce lalaci ne ke hana shi karatu. Haka nan kafin aikin yanar ido sai an yi wannan awo tare da awon tsawon idon, domin da su ake zaɓar ƙarfin gilashin roba da za a dasa a madadin jalidiyya. Ibnul Haisam bai yi magana a kan waɗannan cututtuka ta wannan fuska ba. Amma wanda ya karanta bayaninsa na madubin ƙwallo da na bututu da na mazurari, ba zai ji baƙunta ba in likita ya nuna masa taswirar.

Akwai abubuwan da ake jingina masa don ƙauna, wanda gaskiyar aikinsa ta wadatar da shi daga gare su. Ana cewa shi ya ƙirƙiro kyamara. Hoton da ke faɗowa ta ƙaramar kafa an lura da shi tun kafin shi, a Sin da ƙasar Yunan. Nasa shi ne ya mai da shi hujjar gwaji, ya kuma rubuta risala a kan siffar rana lokacin husufi idan haskenta ya ratsa kafa, ya bayyana dalilin da lissafi. Ana cewa shi ya ƙera tabarau. Ya yi magana a kan yadda yankin ƙwallon gilashi ke girmama abu, amma tabarau a Italiya ya bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 13, fiye da shekara ɗari biyu bayan rasuwarsa. Wanda ya yabi malami da abin da bai yi ba, ya ba masu musu damar ƙaryata abin da ya yi.

Abin takaici shi ne yadda littafin ya yi kwantai a ƙasashenmu. Wani surukinsa ya kwafe shi a Basra a 476 H, kuma mafi yawan wannan kwafi yana Istanbul har yau. Sarkin Saraƙusɗa ta Andalus, Almu'utaman ɗan Hud, ya amfana da muƙaddimominsa a littafin lissafinsa. Ban da irin waɗannan, sai da aka yi kusan shekara 250 kafin Kamaluddini Alfarisi, ɗalibin Ƙuɗubuddini Shirazi, ya zauna a kansa ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, inda ya kai ga bayanin bakan gizo ta hanyar gwaji da ƙwallon gilashi cike da ruwa. An buga sharhin a Haidarabad ta Indiya tun kafin a buga asalin. Maƙaloli ukun farko na Manazir ba su fito a bugun Larabci ba sai 1983 a Kuwait, da tahƙiƙin Bamisire Abdulhamid Sabra, fiye da shekara ɗari huɗu bayan bugun Latin.

Littattafansa da risalolinsa da aka san sunayensu sun kusa ɗari, fiye da hamsin sun iso gare mu. A cikinsu akwai risala a kan fitar da alƙibla da lissafi, da wata a kan hasken wata, da wasu a kan madubai masu ƙona abu da hasken rana. Akwai kuma Asshukuku ala Baɗlimus, inda ya bi littattafan mutumin da ya rayu yana kwafar Almajisɗinsa, ya fito da wuraren da maganarsa ke warware juna. Ma'anar abin da ya gabatar a farkonsa ita ce, Allah bai kare malamai daga kuskure ba, don haka mai neman gaskiya ya binciki abin da yake karantawa ta kowace fuska, ya kuma tuhumi kansa, kada son marubuci ko ƙinsa ya rinjaye shi. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san wannan tarbiyya.

Game da aƙidarsa, Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo wani rubutu da aka jingina masa, wanda mai shi yake ba da labarin ya duba saɓanin ƙungiyoyi sannan ya karkata ga hanyar Arisɗo. Masu bincike na wannan zamani sun yi saɓani a kansa. Rushdi Rashid yana ganin rubutun na wani mutum ne daban mai suna Muhammad ɗan Haisam, mai falsafa, wanda aka cakuɗa tarihinsa da na Hasan mai lissafi. Sabra kuma yana ganin mutum ɗaya ne. Ko wanne ne daidai, ba a wurinsa ake ɗaukar aƙida da hukunci ba, kamar yadda ba a neman awon ido a littafin fiƙihu.

Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430 H (1039 M) ko bayanta kaɗan, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ibnul Ƙifɗi ya ambata cewa ya ga wani juzu'i na handasa da rubutun hannunsa mai ɗauke da tarihin 432 H, wanda ke nuna alƙalami yana hannunsa har dab da ajalinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta mana da shi.

Allah ne Mafi sani.